Aljanar Bakin Gulbin Gummi

Da tsakar rana muna cikin kwalekwale ni da Inna, za mu tsallaka gulbi wajen Gummi, sai ga wata mace can kan yashi cikin farin mayafi. Kawalwalniya na rawa a ƙasanta, kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ruwa ya yi tsit. Inna ta kama hannuna ta fara Ayatul Kursiyyu.

Sai muka ji an ce, "A sake!"

Ashe fim ake ɗauka. Mai ba da umarnin kuwa Bawa Gajere ne, ɗan barkwancin nan da a da ke sa mu faɗuwa don dariya a bukukuwan Anka da Bukkuyum. Yanzu finafinan ban tsoro yake shiryawa.

Da muka sauka, Inna ta tare shi: "Kai Bawa, tsoron da muke ciki bai ishe mu ba? Mi ya raba ka da ban dariya?"

Ya durƙusa ya ce, "Inna, tsoron da muke kwana da shi ba ya da ranar ƙarewa. Wanga nawa kuwa, ana kashe talabijin ya wuce, kowa ya ci tuwonai."

Sai Inna ta ƙarasa ayar da ta fara, ta tofa wa aljanar a ka. Yarinyar ta ce amin.

Har yau ina ganin farin mayafin nan a mafarki, bai taɓa firgita ni ba. Ku fa, yaushe rabonku da tsoron da ke ƙarewa?