Muryata a Kan Motar Taki

Gidanmu a Bungudu gidan ma'aikata ne. Kakana magatakarda ne, babana ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma, yayyena kowa da teburinsa. Ni kaɗai na fito da bakin tsiya, ba na gajiya da zance. Da na gama makaranta sai na faɗa wani ɗan shago a Gusau, inda ake shirya tallan rediyo da na motocin nan masu yawo kasuwa-kasuwa da lasifika. Ranar da na fara jin an karanta abin da na rubuta, wallahi tsigar jikina ta tashi. Na san na samu abin yi.

Baba bai hana ni ba, amma ya kafa sharaɗi. "Ka rubuta musu, ban hana ba. Amma kada in ji muryarka. Mu gidanga wasa mu ake yi, ba mu wasa kowa. Ran da ka koma maroƙi, ka nemi wani uban." Baba kuwa ba ya maimaita magana.

Na kiyaye. Ni ke rubutawa, wani mai murya kamar ganga ke karantawa. Sai dai kafin ya zo nakan karanta sau ɗaya a ɗauka, don ya ji inda nake so a ja da inda za a sassauta. Gwaji ne kawai, ana gamawa a goge.

Ana gab da damina aka sa ɗaurin auren ɗiyar kawuna a Tsafe. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, Baba a gaba kusa da liman, sai ga motar mai takin zamani ta shigo layin a hankali. "Manomi uban kowa! Gonarka na kiranka, kai kana ina?" Na ce a raina, kai, ai wannan rubutuna ne. Sai kuma na kasa kunne da kyau. Ba rubutun kaɗai ba ne, muryar ma tawa ce. Har da ɗan tarin da na yi a tsakiya! Daga baya na ji ashe mai takin ne ya saurari muryoyin biyu, tawa ta gwaji da ta mai karantawa, ya ce shi ta yaron yake so. Maigidan shagon ya miƙa masa, bai ga abin faɗa mini ba.

Innalillahi! Ina ta addu'a motar ta wuce, direba kuwa da ya ga taro sai ya taka birki. Tallan ya ƙare, ya sake somawa. Wani ɗan'uwanmu manomi daga Kucheri, bakinsa ba linzami, ya nuna ni da yatsa yana washe baki: "Af! Ai ga mai maganar nan zaune! Kowace kasuwa sai mun ji shi." Shi a ganinsa yabona yake yi.

Sanƙiran gidan, tsohon da ke shelanta an ɗaura aure yana wasa manya, mura ta shaƙe shi tun safe. Jin haka sai ya taso yana dariya, ya danƙa mini amsa-kuwwarsa. "Ashe namu ne! Taimaki tsoho, ɗana." Kawu ya gyaɗa kai, liman na jira, idanu duk a kaina. Ta ina zan ce a'a a gaban dattawa? Na dubi Baba. Carbinsa yake kallo.

Na miƙe na yi shelar. Abin da ya fi firgita ni shi ne yadda ta fito tas, ba gargada, kamar da ita aka haife ni. Bakina sai zuba yake yi. Har da masu cewa masha Allah.

Bayan an shafa fatiha, manyan gida kan sallami sanƙira, kowa da abin da ya sawwaƙa. Baba ya tashi ya ba tsohon nasa. Na ɗauka wucewa zai yi. Sai ya juyo wurina, ya kama hannuna, ya sa mini tukuici da goro. Fuskarsa a sake, babu ko alamar fushi.

"Madalla, Malam," ya ce. "Allah shi ƙara buɗi."

Malam? Ni? Da marina ya yi a gaban mutanen nan, da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da goro a hannu har aka fara naɗe tabarmi.

Ban bar sana'ar ba. Tunda an riga an ji muryar, yanzu ni ke rubutawa ni ke karantawa, kuma ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Idan na je Bungudu na durƙusa gaida Baba, yakan amsa da fara'a, ya tambaye ni hanya da kasuwa. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa na cikin gida a kawo wa baƙo ruwa.