Amanar Habibu a Bakin Teku

Don Allah jama'a ku saurare ni yanzu. Maƙwabciyata ke rubuta min daga Bebeji.

Ɗana Habibu yana aikin jinya a wani garin masunta can tsibiran Karibiyan, kusa da Amurka. An faɗa a rediyo guguwar teku ta afka musu, kwana biyu wayarsa ba ta shiga.

Kiransa na ƙarshe na ce, "Ruwan tekun ya kai na tafkinmu na Bagauda?"

Ya yi dariya. "Inna, ba a hango ƙarshensa. Tsohuwar da nake gidanta, mai suyar kifi, ta ce ta kansa aka kawo kakanninta bayi daga wajenmu. Ɗana take ce min."

Ranar har kishi na ji. Yau duk mai hanyar samunsu, tsohuwar nan zai fara gaya wa: na ba ta amanarsa.