Bikon Saratu a Lau

Majidaɗi

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin Asabar na kulle ƙofa, babu mai ce mini a sauka lafiya. Kwana goma sha tara ke nan da matata Saratu ta koma gidansu a Lau, kuma laifina ne. Kafin bikinmu na sa aka cike tsohon masai, na kafa sabon masai irin na zama, mai aiki da ruwa, har da farin tayil, don a ganina kyakkyawa irinta ba ta dace da tsuguno ba. Sai rani ya shigo, famfo ya ƙafe. Ruwan da za ta yi girki da shi, masai ke shanyewa. Ranar da ta shiga maƙwabta aron bayan gida, matan gidan suna ƙus-ƙus, washegari ta haɗa kayanta.

Kona

Keke ya kai ni tasha, mota ba ta cika ba sai bakwai saura. A shingen 'yan sanda na Kona direba ya dubi furen robar da na rungume.

"Oga, gaisuwar mutuwa ne?"

"Biko."

"Kai! Da ka ɗauko shinkafa."

Aka yi ta dariya. Ni dai na jingina da taga, ina ganin fuskarta a kan kowane dutse.

Lau

Tara da minti goma muka sauka. Surukata ta ba ni kunun gyaɗa da ƙosai. Ban gama ba Baba, mahaifin Saratu, ya ce in biyo shi bayan gida. Rami biyu ne a jere, kowanne da marfi, ga bututu ya miƙe sama an ɗaure masa raga don ƙudaje, ga kwanon toka a gefe. Ko wari babu.

"Ka gama, ka zuba toka, ka rufe," in ji shi. "Ruwan buta ya ishe ka. In ɗaya ya cika, a bar shi ya huta ya zama taki. Mu da muke bakin kogi ma ba mu wasa da ruwa, balle ku."

Saratu na shanya a tsakar gida. Na fara jawabin da na haddace a hanya, ta katse ni.

"Dauda, ni ba sarauniyar littafi ba ce. Wurin da zan shiga in rufe ƙofa nake so, a gidana. Ka haƙa, ka aiko."

Komowa

Baba ya ba ni igiya, ya ƙulla zurfin ramin da faɗinsa a jikinta. Ƙarfe uku na hau mota ni kaɗai, biyar da rabi ina unguwarmu Majidaɗi. Ban cire takalmi ba na shata wurin a bayan ɗaki.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba. Ƙasar nan tauri gare ta da rani. Yau kwana uku ina haƙa, ramin farko ya kai mini ƙugu.