Tarwaɗar Bappa a Damare

Ƙanshin bandar kifi ya tare ni a kasuwar Jimeta, sai na tuna marigayi Bappana, ɗan'uwan mahaifina, mai kiwon tarwaɗa a Damare. Kullum yana ware ƙananan kifi daban. Yakan ce, "In ka haɗa su, manya su haɗiye ƙanana."

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika garin, dillalai na jiran kifinsa, amma ya kwashe tafkin kaf, muka yi banda har idanunmu suka yi ja. Wajen raba wa 'yan gudun hijirar, manya suka danno, Bappa ya daka tsawa: "Yara, ku dawo gefena! Manya, ku jira sai sun ƙoshi tukuna."

Ko ɗaya bai sayar ba. Allah ya jiƙan Bappa, ya ware shi cikin nasa.