Koren Mayafi a Kasuwar 'Yankara

Jama'a, yau saura ƙiris aljanar da na ƙirƙira ta sa a jefe ni!

Kun tuna labarin ban tsoron da na rubuta, na karanta muku da murya a nan? Na matar nan mai koren mayafi da kofaton jaki, wadda duk wanda ya sayar mata da kaya a kasuwar 'Yankara sai ya kwanta ciwo? Ashe an tura shi waje, an yanke inda na ce ƙage ne!

Ɗazu na shiga kasuwar sayen kayan miya. Wallahi na sha'afa, koren mayafina na yafa! Ina miƙa hannu, mai tumatir ya ja da baya yana salati.

Ya ce, "Ita ce!"

Kafin in ankara an zagaye ni. Wani har ya duƙa ya ɗauki dutse. Wani ya kunna waya wai a saurari kamanninta. Muryata ce ke tashi! Na kama bakina gam, kar su gane.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, cire safa mu ga ƙahwa."

Na cire. Ta duba ta ce, "Mutum ce, ku watse!"

Zan wuce sai mai tumatir ya ce, "Yi haƙuri Hajiya. Ta gasken da sahe ta zo, ni na sayar mata. Tun sannan kaina ke sarawa."

In bawan Allahn nan ya kwanta, ina zan sa kaina?