Fuskar Inna Zinariya

Kabo ɗan Tandabawi ne, wata unguwa a birni mai tsarki, a nan aka yanke masa cibiya, kuma duk unguwar sun san shi da taurin kai. Yana saurayi yana sharar ɗakunan alhazai a unguwar Misfala ya tsinci wani kaset da wani alhaji ɗan Rasha ya manta. Ko kalma ɗaya bai ji ba. Amma fushin muryar mawaƙin da kukan jitar sun shige shi, ya ce wannan mutum ciwonsu ɗaya. Bai huta ba sai da ya samo tsohuwar jita daga Jidda.

Mahaifinsa, mai takardun zama ɗan ƙasa da mutunci a masallaci, ya ce ko jita ko gidansa. Kabo ya ɗauki jita. Wadda ta buɗe masa ƙofa ita ce Inna Zinariya, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, wadda ta zo aikin hajji daga Sakkwato tun tana da ƙuruciya ta ƙi komawa. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Rabin rayuwarta a bayan niƙabi ta yi shi, ba don ustazanci ba, don tsoron kamu.

Kabo ya girma yana ɗaukar bidiyon biki don ya ci abinci, yana rera waƙoƙinsa da Hausa mai gauraye da Larabci. Masu ɗakin ɗaukar waƙa suka ce ya zubar da Hausar, zai yi kasuwa. Ya ce su riƙe kasuwarsu.

Da aka shafa wa layinsu jan fenti na rusau, sai ya tashi yin fim kafin a share wurin kamar ba a taɓa haihuwar kowa a ciki ba. Sai dai yawancin mutanen layin ba su da takarda, nuna fuskarsu daidai yake da miƙa su ga masu kamu. Don haka hannaye kawai yake ɗauka: hannun mai wanki, hannun mai tura keken alhazai, jitarsa na kuka a ƙarƙashi.

Ranar da ya zo kan hannun Inna Zinariya a bakin kasko, sai ta ajiye matsami ta yaye niƙabin.

"Ɗaga abin nan sama, ya waladi, ɗana."

"Inna, in aka gan ki, tarhil ne. Jirgi za su saka ki, su mayar da ke gida."

"Khalas, ya isa! Na ɓuya har haƙorana sun zube. Gidan ma za su rushe. In tafi a ce wani hannu ne ya zauna a nan?"

Kabo, wanda bai taɓa tsoron kowa ba, ya ji tsoro. Ita ce ta ci da shi lokacin da uba ya kore shi. Ya roƙe ta, ta ƙi. Ya ɗaga kyamarar. Ta dubi cikinta ido da ido, ta faɗi sunanta, da sunan ubanta, da garinsu.

Abokansa sun ce ya yanke wurin. Bai yanke ba, haka ya saki fim ɗin a intanet.

Yanzu layin ya zama fili. Inna Zinariya tana wani ɗan ɗaki a unguwar Jarwal, kuma kullum da safe sai ta yi wanka, ta ci ado, ta zauna a bakin ƙofa fuska a buɗe. Kabo ya tambaye ta dalili. Ta ce in masu kamu za su zo, su same ta da kwalli a ido.