Goggo da Ɗaurin Zane

Ina aji uku a jami'ar gwamnati, ina karatun gashin ƙashi, lokacin da tashin hankali ya kai arewacin jiharmu. Na zo hutu gida Jimeta, a Shagari Low Cost, sai Baba ya ce ba zan koma ba tukuna. Jami'ar tana wata jiha, hanyar kuma ta zama abin da ta zama. Ban yi musu ba. Na jera littattafaina a bakin taga, na zauna.

Baba bai taɓa gane abin da nake karantawa ba. Likitanci ya so in yi, makina bai kai ba, aka ba ni wannan. In baƙi suka tambaya sai ya ce, "Fannin asibiti take," ya canja magana. In ransa a ɓace yake kuwa, tausa yake kiransa.

Ana cikin haka dangi suka fara isowa daga garinsu. Falo ya cika da tabarmi, har baranda ana kwana. Goggo, yayar Baba, ita ce ta zo a ƙarshe, a kwance a bayan motar ɗaukar kaya. Ta yi ta tafiya a ƙasa cikin daji tare da wasu mata, ga hawan jini, ga babu magani, har ta faɗi a wani ƙauye. A asibiti a Yola aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Gadaje sun cika, don haka da ta ɗan farfaɗo aka sallame ta. Likitan ya ce wa Baba sauran aikin na masu gashin ƙashi ne. Baba ya juyo ya dube ni.

Abin da na sani a lokacin bai wuce na littafi ba. Kowace safiya, in ta sha kunu, sai in lanƙwasa mata gwiwa in miƙe, in juya kafaɗa, in buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Hannun yana da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Na tsara abin yadda aka koya mana: juyi a shimfiɗa, sannan zama, sannan tsayuwa, sannan taku. Goggo ba ta hana ni ba, ba ta kuma taimaka ba. Mace ce mai faɗa a da, wadda ba ta yarda ko buta a miƙa mata. Yanzu sai ta bar mini jikin, ta zuba wa rufin ɗaki ido.

Inna da matar wani ɗan'uwanmu ke yi mata wanka. Su ɗaga ta, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗaura mata zane. Wata safiya da suka gama suka fita, na durƙusa zan kama ƙafar, sai ta yi magana. Bakinta ya ɗan karkace, Hausarta kuma dama irin ta mutanenmu ce, komai namiji take mayar da shi.

"Ke, bar ƙafan nan. Ina zan je da shi?"

"Goggo, sai ƙafa ta yi ƙarfi za ki tashi."

"Zane nake so in ɗaura. Ni kaina."

Na ce mata wannan yana gaba, akwai matakai. Ta rufe ido.

Ba mu kai nan a aji ba. Da rana na shiga ɗaki, na sa hannun dama a baya, na gwada ɗaura zane da hagu kaɗai. Zanen ya yi ta zamewa. Can na gano cewa in na jingina da dokin ƙofa, na danne gefe ɗaya da ƙugu, zan iya jawo ɗaya gefen in zagayo da shi in soke. Washegari na nuna mata. Ta kalla har ƙarshe.

"Sai an tsaya ke nan," in ji ta.

"Sai an tsaya."

Daga ranar ta fara sa ƙarfinta. Zama a bakin gado ya ɗauki lokaci, tsayuwa ta fi. Nakan ɗaura mata gyale a ƙugu in riƙe ta baya, gwiwata a jikin tata don kada ta lanƙwashe. Gumi ya yi ta zuba. Zanen ya faɗi, in ɗauko, ya sake faɗuwa. In ta gaji sai ta zagi ƙafar da Fulatanci, wani lokaci ta haɗa da ni. A waje ana ta sauraron rediyo, ana kiran lambobin da ba sa shiga. Mu muna bakin ƙofa da zane.

Ran da ya zauna, a karkace ya zauna, gefe ɗaya na jan ƙasa. Ta dube shi, ta dube ni.

"Fita ki ja ƙofa," ta ce. "Zan sake."

Na fita, amma ban yi nisa ba.

Ƙafar ta dawo rabi, tana tafiya da sanda tana jan ta. Hannun bai dawo ba, yatsun suka dunƙule. Baba ya tare ni a zaure ya tambaya ko akwai sauran abin yi. Na ce za a ci gaba da motsa shi don kada ya sandare, amma da wuya ta sake riƙe wani abu da shi. Ya gyaɗa kai, ya wuce masallaci.

Da mutane suka fara komawa, ta ce ita ma tafiya za ta yi. A tasha aka ba ta gidan gaba. Ta ɗauki hannun dama da na hagu, ta aje a cinya, ta ce mini, "Useko," wato na gode, mota ta tashi.

Ni na rasa shekara guda, na koma na haɗu da 'yan ajin bayanmu, da su na gama. Yanzu a wani asibiti a Yola nake aiki. Goggo ta tarar an kwashe kwanon rufin gidanta, sai ta zauna wurin ɗanta. Ta ƙara wasu shekaru a duniya. Sana'arta ta man gyaɗa jikarta ce ta gada, Goggo kuma tana zaune a kujera 'yar tsugunno, tana faɗan wuta ta yi yawa.